Shekarar Injin Maman Ebuka

Ranar sunan ɗan Nura ina zaune a zaure na ji Bilkisu a tsakar gida tana gaya wa dangin mai jego, cikin dariya, wai an ce Baba ya taɓa kai Mama ƙara gaban kwamitin unguwa. Na sa aka kira mini ita, na tambaye ta wa ya ce. Ta ce ita dai haka ta taso ta ji ana faɗa. Na ce wa yake faɗa.

"Haba Baba, ana faɗa dai," in ji ta.

Mace mai digiri, uwar 'ya'ya uku, wadda take koyar da 'ya'yan mutane a aji, amsar da ta iya ba ubanta ke nan. Abin da ya sa na ware wannan babi ke nan. Zan bi maganar daki-daki, ta farko kafin ta biyu, kuma duk wanda ya buɗe baki a cikinta zan kama sunansa, har da ni kaina. Ku karanta a zaune, ba a cikin mota ba.

Da farko sai kun san yadda na koyi aiki, in ba haka ba za ku ɗauka taurin kai ne kawai, kamar yadda Innarku Asabe take faɗa har gobe. Ban yi karatu mai zurfi ba. Na gama firamare, na koyi buga tafireta, aka ɗauke ni ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a nan Keffi. Babban akawunmu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Eggon, Mista Audu, mutum siriri mai jan biro a aljihun gaba. Rahoton farko da na rubuta masa sau uku yana dawo mini da shi, kuma kullum wuri ɗaya yake kewayewa. A Turancin ofis akwai wata hanya ta jera magana yadda za ta fito ba mai ita: an ruwaito, an lura, ana zargi, an amince. Ƙananan akawuna muna son wannan hanya ƙwarai, domin tana da kwarjini a takarda, kuma ba ta kama wuyan kowa. Mista Audu kuwa ya tsane ta kamar ƙaiƙayi. A karo na uku ya kira ni gaban teburinsa, ya ɗora yatsa a kan layin.

"Adamu, magana ba ta da ƙafa. Wani ne ya ɗauko ta ya shigo da ita ofis ɗin nan. Nuna mini shi."

Daga nan ya jera mini abu uku, kuma a jeren nan na riƙe su har na yi ritaya. Na ɗaya, a fara da sunan wanda ya faɗa. Na biyu, a rubuta abin da ya faɗa, ba abin da kake ganin yana nufi ba. Na uku, a zaɓi kalmar da ta dace da shi: wanda ya gani a rubuta ya gani, wanda ya ji a rubuta ya ce ya ji, wanda yake tsammani a rubuta yana tsammani. Ya ce takardar da ta tafi ba suna tana iya raba mutum da abincinsa, kuma ranar da aka dawo neman wanda ya jawo, akawun da ya buga shi kaɗai za a samu. Na ga hakan da idona a ofis fiye da sau ɗaya. Wannan ke nan.

Na biyu, unguwar. A shekarar da nake magana unguwarmu ta Yara ta fara cika da baƙi, ma'aikatan da haya ta koro daga Abuja, masu shaguna, makanikai. Kwata ta toshe, wuta sai ta yi sati ba ta zo ba, sai magidanta suka kafa kwamiti. Aka naɗa Alhaji Ɗanladi mai hatsi ciyaman, ni kuma sakatare, ba don na fi kowa ba, don dai ina da tafireta a gida kuma duk wasiƙar da za ta je ofis sai da Turanci. Alhaji Ɗanladi mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma mai saurin hawa ne. In ya ji magana da safe, kafin azahar ya yanke hukunci, kafin la'asar yana mamakin yadda aka yi wani bai yarda ba.

A kan kwanar layinmu akwai injin markaɗe na wata Inyamura da kowa yake kira Maman Ebuka. Mijinta bakanike ne, ya rasu ya bar ta da yara huɗu, injin nan shi ne gonarta. Wake, tattasai, geron kunu, duk unguwa wurinta ake kaiwa, har gidanmu. Ku da kanku kun sha ɗaukar bokiti zuwa can.

To, sai magana ta tashi. An ce da ruwan kwata take wanke injin. An ce yara suna ta gudawa. Kafin sati ya zagayo an ce yara uku na asibiti, an ce har ɗaya ya rasu an rufe maganar. Ran nan da hantsi sai ga Alhaji Ɗanladi a ƙofar gidana da takarda a hannu, wani ɗan'uwansa mai ilimin jami'a ya tsara masa. Ya ce in buga ta a takardar kwamiti in sa hannu, shi ma ya sa, a kai ofishin duba-gari a rufe injin. Na karanta. Turanci ne mai kyau, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Amma daga sama har ƙasa babu mutum ko ɗaya a cikinta sai matar da ake so a rufe wa inji. An lura, an ruwaito, an tabbatar, ana kira ga hukuma. Na tambaye shi wa ya lura. Ya ce jama'a. Na ce wane ne a cikin jama'a. Ya ce kowa ya sani. Na ce yaron da ya rasu ɗan wane gida ne, domin ban ji an yi jana'iza ba, kuma ni ba na fashin jana'iza a unguwar nan.

"Malam Adamu, buga takarda aka ce ka yi, ba alƙalanci ba," in ji shi.

"Alhaji, hannuna zan sa a ƙasa. In duba-gari ya tambaye ni wa ya gani, sunan wa zan ba shi?"

Ya ce wannan ita ce matsalar akawu, gida na cin wuta yana neman lambar fayil. Na ce ya ba ni kwana bakwai, zuwa taron Asabar, in bi maganar in ga inda ta fito. In na samu mutum ɗaya da ya gani da idonsa, zan buga wasiƙar a gaban kowa in kai ta da ƙafata. Ya tafi yana kaɗa kai, ya bar mini takardar.

Na uku, bin sawun. Na ɗauki ƙaramin littafi na fara da shi Alhajin kansa, tunda shi ya kawo. Da ƙyar ya yarda cewa a ƙofar masallaci ya ji, a bakin Sani tela. Na je shagon Sani. Ya rantse shi bai ce yaro ya mutu ba, cewa ya yi yara suna kwance, kuma a wurin mai ɗakinsa ya ji. Na roƙe shi ya tambayo ta. Washegari ya dawo mini da amsa yana ɓata rai, wai ta ce ita ba ta ambaci asibiti ba, gudawa kawai ta ce, kuma Laraba mai ƙosai ce ta gaya mata. Kun ga yadda abin yake. Duk wanda na je wurinsa sai in tarar abin da ya karɓa bai kai abin da ya miƙa ba, kuma kowa yana jin haushina kamar ni na ƙara masa gishirin. Wani ma cewa ya yi tun da yake bai taɓa ganin an bi magana da littafi ba sai a kaina. Na ce shi ya sa unguwar take yadda take.

Kafin in je wurin Laraba na biya ta injin. Wurin da a da sai ka bi layi, na tarar da bokiti biyu kacal. Maman Ebuka ta kashe injin, ta ja ni ta nuna mini durom ɗin da 'yan garuwa suke cika mata kowace safiya, ta ɗebi ruwan a kofi ta sha a gabana. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta bar komai a duhu ba.

"Oga sakatare, kawo mini mutum ɗaya. Ɗaya kawai. Ya tsaya nan ya ce ya gan ni da ruwan kwata. Ni da hannuna zan kwance bel ɗin inji in koma garinmu."

Na ce mata abin da nake nema ke nan. Ta ce in yi sauri, domin yaranta ba sa cin bincike.

Laraba tana suya a bakin titi na same ta. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ƙosanta, sannan ta yi wata dariya da har yau ina jin ta a kunnena.

"Malam, ni ka zo tambaya? Ai tafiyar ba ta yi maka nisa ba. Koma gida ka tambayi matarka Maman Salisu, a bakin famfo ta faɗa, mu huɗu muna tsaye."

Na huɗu, kuma a nan nake so ku rage gudu. Ku ba ku san mahaifiyarku ta wancan lokaci ba. Hajara mace ce mai labari. Duk ranar da na dawo daga aiki za ta ajiye mini abinci, ta zauna a kan kujerar tsugunno tana tsinke zogale ko tana gyaran shinkafa, ta fara. Wa ya haihu, wa ya yi baƙo, me aka ce a famfo, yadda akuyar maƙwabta ta shiga kicin ta fito da murfin tukunya a wuya. Tana kwaikwayon muryar kowa, har ta Alhaji Ɗanladi. Ni ba mai dariya ba ne, kun sani, amma sau da yawa sai na ajiye cokali. Ban taɓa gaya mata ba, amma wannan sa'ar ita ce mafi daɗi a yinina.

Ranar nan na zauna, ta kawo tuwo, na bari ta yi nisa sannan na jefa tambayar kamar ba komai. Na ce ko ta taɓa yin wata magana a kan injin Maman Ebuka. Ta ce af, ai kwanaki da cikin Bilkisu ya ɓaci bayan ta sha kunu, ta ce wa su Laraba a famfo ko dai ruwan da ake wanke inji ne. Daga baya kuma ta gano ɗanyen mangwaro yarinyar ta ci a makaranta, ta ma manta da zancen. Ta yi dariya ta wuce zuwa labarin wata mai kitso. Ita ba ta haɗa tambayarta ta famfo da gawar yaron da ake ta yaɗawa ba, domin abin ya canza kama har ba ta gane shi ba. Ni kuwa na gane. Na gama cin tuwona, na wanke hannu, na shiga ɗaki na rubuta abin da ta faɗa da ranar da ta faɗa. Ban ce mata komai ba.

Kwana biyu ina juya abin. Hanya uku na gani. Ta ɗaya, in buga wasiƙar Alhaji yadda take, a rufe injin, ba wanda zai taɓa sanin daga gidana tartsatsin ya tashi. Wannan ban ko tsaya a kanta ba. Ta biyu, in rubuta rahoto in kama sunan kowa, in na zo ƙarshe in ce wata mata a unguwa. Wannan ita ta fi ja na. Har na sa takarda a tafireta na buga hakan. Amma da na karanta sai na ga matar Sani tela da sunan mijinta a layi na uku, Laraba da sunanta a layi na huɗu, sai a layi na biyar ne kawai aka samu mai lulluɓi. Kuma Laraba ta sani, mata uku sun sani. Ranar da abin ya fito, cewa za a yi sakatare ya tona matan mutane ya rufe tasa, kuma daga ranar ba takardar da zan buga a yarda da ita. In aka ƙi yarda da rahoton kuwa, wasiƙar Alhaji ce za ta tafi. Na zare takardar na yaga. Na bi ta uku, wato in kama sunan kowa, har da nata.

Akwai ta huɗu, wadda ban gani ba a lokacin. Zan zo kanta.

Na biyar, taron. Ranar Asabar bayan la'asar muka haɗu a zauren Alhaji Ɗanladi, magidanta sun fi ashirin, har waɗanda ba sa zuwa taro sun zo. Alhaji ya buɗe da addu'a, ya juyo ya ce to, mai bincike, an samo wanda ya ce? Aka yi dariya. Na miƙe na karanta rahoton da Turanci kamar yadda za a ajiye shi a fayil, sannan na mayar da shi Hausa layi-layi. Alhaji Ɗanladi ya ce ya ji daga Sani tela cewa yara suna kwance, bai ga yaro ko ɗaya ba. Sani tela ya ce ya ji daga iyalinsa. Iyalin Sani ta ce ta ji daga Laraba. Laraba ta ce ta ji daga Hajara, matar sakataren wannan kwamiti. Hajara ta ce tambaya ta yi a bakin famfo ko ruwan inji ne ya ɓata cikin 'yarta, kuma ta ce daga baya ta gano ɗanyen mangwaro ne. Sakatare ya ga durom ɗin ruwan da idonsa. Sakatare bai samu wanda ya ce ya ga ruwan kwata ba, bai samu gidan da aka kwantar da yaro ba, bai samu gidan da aka yi rashi ba.

Na ninke takardar na zauna. Sai wani daga baya, ban ga ko wane ne ba don haka ba zan ɗora wa kowa ba, ya ce lallai yau akawu ya kamo ɓarawo a ƙarƙashin gadonsa. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Alhaji Ɗanladi bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni.

"Malam Adamu, da ka ja ni gefe ka gaya mini, ai da na janye takardar ba tare da an kira sunan iyalinka a gaban maza ba."

Na ce masa da ya janye a ɓoye, da maganar ta ci gaba da yawo, matar kuma ta ci gaba da zama ba mai kawo mata markaɗe. Har yau ina ganin gaskiya na faɗa. Aka yanke cewa ba za a aika wasiƙar rufewa ba, a gayyato duba-gari ya duba da kansa. Ya zo a satin da ya biyo, ya ce a yi wa durom murfi a shafe ƙasan wurin da siminti, ya tafi. Kafin wata ya ƙare layi ya dawo a injin. Maman Ebuka ta yi shekaru a kwanar nan, ta aurar da 'ya'yanta daga nan. Wannan ɓangaren ban taɓa nadamarsa ba, kuma ba zan fara yanzu don in faranta muku ba.

Na shida. Daga zauren Alhaji zuwa gidana tafiyar minti biyar ce, amma labarin ya riga ni. Na tarar da Hajara ta goya Nura, ta ɗaure kaya a zani, Salisu da Bilkisu suna tsaye sun sa takalma. Ba ta ɗaga murya ba. Ita da take iya yin awa tana magana, ranar jimla biyu ta yi.

"Malam, ashe lokacin da nake ba ka labari aiki kake yi. Da ka faɗa mini ofis na shigo, da na sa mayafi."

Na fara yi mata bayani daga farko, daga Mista Audu, kamar yadda na yi muku. Ban kai na biyu ba ta fita. Ta tafi gidansu a Liman Abaji, ta yi wata uku.

Na je biko sau huɗu. Sau biyu kawunku Tanimu bai ma bari na wuce zaure ba. Ya ce shi a iya saninsa miji rufin asirin matarsa ne, bai taɓa jin wanda ya buga matarsa a tafireta ba, har da kwafi. Na ce masa ban ce ta yi ƙarya ba, ban ce ta yi sharri ba, abin da ta faɗa na rubuta, kuma rahoton ma wanke ta ya yi, tunda ya nuna tambaya kawai ta yi wasu suka ɗora. Ya ce in je in gaya wa matan famfo haka. Ashe ya san abin da ban sani ba. Bayan ta dawo unguwar, in ta doso famfo sai mata su taɓa juna su ce a yi shiru, ga matar sakatare, kada a wayi gari a fayil. A gidan biki a matsa mata tabarma amma a canza zance. Matar Sani tela ta yi shekara biyu ba ta amsa sallamarta. Innarku Asabe kuwa ita ta ƙirƙiro kalmar ƙara, na ji ta da kunnena tana faɗa a tsakar gidansu ina zaune a zaure, kuma daga bakinta ta iso gare ku. Ga amsar tambayar da Bilkisu ta kasa ba ni.

A zuwa na huɗu mahaifinta, Allah ya gafarta masa, ya sa baki, ta dawo. Ta dawo da girkinta da tsabtarta da ladabinta, babu abin da ta rage mini a cikin haƙƙina. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Na zauna cin abinci a ranar farko, ta ajiye kwano, ta ce a ci lafiya, ta koma kicin. Na ɗauka fushi ne zai wuce. Bayan sati na ce mata yau ba labari? Ta ce lafiya lau, ba komai. Bayan shekara na sake tambaya, amsar ɗaya. Tana hira da ku, ina jiyo ta daga ɗaki tana kwaikwayon mutane kuna dariya, da na ɗaga labule sai a koma zancen makaranta. Kun sha yin haka a gabana kuna tsammani ban lura ba. Maganar mai neman auren Bilkisu a ƙofar masallaci na fara jin ta. Ciwon da ya kwantar da Innarku Asabe sai da aka yi kwana uku na sani. A cikin gidana, ni ne na ƙarshe da yake jin komai, shekara talatin da wani abu.

Saboda haka ga gyaran da nake so ku riƙe. Ban kai mahaifiyarku ƙara ba, ba a kira ta gaban kowa ba, ba a yanke mata komai ba. Ba ta yi wa kowa ƙazafi ba, tambaya ta yi irin wadda kowace uwa take yi in cikin ɗanta ya ɓaci. Kuma ban yi kuskure da na ƙi sa hannu a takardar da ba mai magana a cikinta ba. In aka kawo mini irinta gobe, zan ƙi. Ku ma da kuke tura wa juna saƙo a waya kullum, an ce kaza, an gano kaza, ku tura wa mutum hamsin kafin ku tambayi wa ya ce, ku ji kunya.

Saura hanya ta huɗu. Bara da azumi, muna zaune mu biyu a tsakar gida muna jiran a kira salla, na ga kamar ranta a sake yake, sai na tambaye ta kai tsaye. Na ce Hajara, shekara talatin, har yanzu ba ki yarda gaskiya na rubuta ba? Ta ce ita ba ta taɓa cewa ƙarya na rubuta ba. Ta ce tun tana Liman Abaji, a sati na biyu, ta saci jiki ta zo har injin ta ba Maman Ebuka haƙuri, suka yi kuka tare. Ban taɓa sani ba sai ranar. Na ce to me ya rage?

"Kwana biyu ka yi da maganar a cikinka, Malam, kana cin tuwona. Da ka ce mini, Hajara, ga inda tambayarki ta kai, da na yafa mayafi na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya na kwance abin da bakina. Da na ce ka rubuta sunana, ka fara da shi ma. Ka je wurin Sani, ka je wurin Laraba, kowa ka gaya masa abin da ya kawo ka kafin ya buɗe baki. Ni kaɗai ce ba ka gaya wa ba."

Na duba littafin nan daga baya, yana nan a akwatina. Haka ne. Mutum huɗu na yi wa sallama na ce ga abin da nake bincike, ga inda maganarsu za ta je. Ta biyar na bari tana dariya tana tsinke zogale, na ɗauka na tafi da ita.

Na ce mata ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni, don Allah. Aka kira salla, ta miƙo mini dabino da ruwa. Na ɗan jira, ko za ta ce wani abu a kan mutanen da suka wuce ta ƙofar gida, ko a kan abin da aka yi a kasuwa ranar. Ta tattara kofuna ta shiga ciki.